Tambaya da Amsa: Waya Ta Ce Tafkin Chadi Ya Ƙafe, Ɗan Masunci Ya Ce Ruwa Ya Dawo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Kusuri. Na ba ɗalibaina aikin gida a kan Tafkin Chadi, sai yawancinsu suka kawo mini amsa iri ɗaya daga manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya a waya, cewa tafkin ya rasa kashi 90 cikin 100 na faɗinsa kuma yana gab da ƙafewa. Wani yaro da mahaifinsa ke su a wajen Darak ya miƙe ya ce ba haka ba ne, domin gonar da suka taɓa noma masara a cikinta yanzu da kwalekwale ake ratsa ta. Wa zan gaskata a gaban aji, kuma shin in hana su amfani da wayar ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Kada ka hana su, kuma kada ka ƙaryata yaron nan, domin abin da ya faɗa ya fi kusa da halin da ake ciki a yau.

Adadin da manhajar ta bayar yana da asali. A shekarar 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sannan farin da aka yi a 1973 ya raba shi gida biyu, ɓangaren arewa da na kudu, aka kuma sake yin wani farin mai tsanani a 1984, har ruwan da ake gani a sarari ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Wannan labari an maimaita shi a rubuce ba iyaka, ita kuwa manhajar daga rubuce-rubucen mutane ta yi karatunta, saboda haka abin da aka fi yawan faɗa shi ta fi saurin kawowa, ko da zamaninsa ya wuce. Ba ta taɓa tsayawa a bakin ruwa ba. Tafkin ba shi da zurfi, a yawancin wurare 'yan mitoci ne kawai, shi ya sa ƙaruwar ruwa kaɗan kan shafe fili mai yawa, raguwarsa kuma ta bar ƙasar noma. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga cikinsa Shari da Logon ne ke kawowa, waɗanda ke haɗuwa a nan gabanku tsakanin Kusuri da Injamena, kuma damunar da ke cika su tana sauka ne can kudu, a Afirka ta Tsakiya, kudancin Chadi da tudun Adamawa. Ɓangaren kudu, inda Darak yake, shi ke fara karɓar wannan ruwa.

Akwai wata ƙirƙirarriyar basirar da ta fi wannan amfani ga mai binciken ƙasa, ita ce wadda ke karanta hotunan tauraron ɗan'adam. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 aka buɗe taskar hotunansa kyauta ga kowa. Turai ta harba Sentinel-2 a 2015, wanda kowane ɗigo a hotonsa fili ne mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, yana kuma sake ɗaukar wuri ɗaya bayan 'yan kwanaki. Mai bincike yakan nuna wa kwamfuta misalai, ya ce nan ruwa ne, nan gona ce, nan rairayi ne, ita kuma ta bi miliyoyin ɗigo tana rarraba su cikin ɗan lokaci, aikin da mutum zai kwashe watanni yana yi da ido.

To amma a nan ne nake so ka daɗe da ɗalibanka. Tauraron yana kallo ne daga sama, kuma wani babban sashe na ruwan tafkin yana ɓoye a ƙarƙashin kacalla da sauran ciyayin ruwa. Kwamfuta ta ga kore sai ta lissafa shi a tudu, alhali masunci yana tura kwalekwalensa da gora a cikin wannan koren. Haka nan gonakin masakwa da ake dasawa a ƙasar laka bayan ɗaukewar damina a yankin Marwa: idan waɗanda suka koyar da kwamfutar ba su taɓa nuna mata hatsin da ke tsaye shar a watan Janairu ba tare da ruwan sama ko ban ruwa ba, za ta iya ba shi wani suna dabam. A watan Agusta kuma gajimare kan rufe komai, sai an koma ga tauraron Sentinel-1 mai aiki da na'urar rada, wadda ke aika igiyar rediyo mai ratsa gajimare. Wannan ne ya sa mai bincike na ƙwarai, ko a Jami'ar Marwa yake ko a Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 mai hedikwata a Injamena, sai ya taka ƙafa ya je ya gwada abin da allo ya nuna da abin da ke ƙasa. A ganina, shaidar ɗan masuncin nan irin wannan gwajin ce, kuma ya kamata ka faɗa masa haka a gaban 'yan'uwansa.

Na san wuta da kuɗin intanet ba su da tabbas, amma waya ɗaya ta isa a fara. Ka buɗe Google Earth ranar da ka samu hanya, ka nemo tsofaffin hotunan mahaɗar Shari da Logon na shekaru daban-daban, ka adana su, ka buga biyu a takarda, ɗaya na rani ɗaya na bayan damina. Ka sa yara su zana iyakar ruwa da fensir, su ƙiyasta bambancin da kansu. Idan makaranta na da kwamfuta, QGIS manhajar zana taswira ce ta kyauta, kuma da zarar an sauke ta ba ta bukatar intanet.

Game da aikin gida, ka sa sharaɗi: duk wanda ya kawo adadi daga waya, sai ya faɗi shekarar da aka auna shi da watan da aka auna, da kuma ko ruwan sarari kaɗai aka ƙirga ko har da na ƙarƙashin ciyawa. Sannan ka fita da su unguwannin da ambaliyar 2022 da ta 2024 suka shiga, inda har yanzu za a iya samun layin da ruwa ya bari a jikin katanga. Su auna tsayinsa daga ƙasa, su yi amfani da wayar su ɗauki lambobin da ke nuna matsayin wurin a taswira, su tambayi dattawan unguwa a wane wata ruwan ya iso da inda ya biyo, su rubuta a littafi guda wanda ajin baɗi zai ɗora a kai.