Amsoshin tambayoyi: Rediyon kwalba, a gyara, a saya, ko a bar shi ado?

Tambaya daga Zariya: Na gaji rediyo ƙirar Grundig mai akwatin katako daga mahaifina, ta daɗe a ajiye ba a kunna ta ba. Mai gyara ya ce sai an sauya dukkan kwalaben da ke cikinta, kuma kuɗin da ya faɗa ya yi mini yawa. In biya?

Malam, Allah Ya jiƙan mahaifi. Shawarata ita ce kada ka biya tukuna, kuma kada ka jona ta da wuta don ka gwada, domin a irin wannan gwaji ne yawancin tsofaffin rediyoyi suke ƙonewa. Kwalaben nan na gilashi (valve a Turance), waɗanda tsofaffin rediyoyi suke aiki da su wajen kama tasha da ƙara ƙarfin sauti, sun fi sauran kayan cikin rediyon juriya, tunda a rufe suke ruf, ajiya ba ta cin su, kuma ba abin mamaki ba ne a sami na shekarun 1950 suna aiki lafiya lau. Abin da shekaru suke lalatawa shi ne kwandansa (capacitor), wato ɗan kayan da ke riƙe cajin wuta a cikin rediyo. Akwai ƙanana na takarda da aka shafe da kakin zuma ko kwalta, waɗanda suke tsotsar danshi har su riƙa barin wuta tana zurarewa ta inda bai kamata ba, akwai kuma manya masu tace wuta, waɗanda suke bushewa, rediyo ta koma gurnani ko da an rage murya.

Daga cikin ƙananan, akwai guda ɗaya da ya fi kowanne haɗari, wato wanda yake miƙa sauti ga kwalbar ƙarshe, wadda a rediyoyin Jamus na wancan zamani, irin Grundig ɗinka, galibi EL84 ce. Idan ya fara yoyo, kwalbar takan ja wuta fiye da ƙima, ta yi zafi matuƙa, ta kuma iya ƙona taransfomar lasifika ko ma babbar taransfomar wuta. Kwandansan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma taransfomar da ta ƙone sai an sake naɗa ta da hannu, in ma an dace da mai iya naɗin.

Don haka ka tambayi mai gyaran yadda zai fara kunna ta. Wanda ya san aikin zai sauya kwandansan nan da farko, ya duba fis da igiyar wuta, sannan ya jera ƙwan fitila irin na da mai zare, mai wat 60 ko 100, tsakanin soket da rediyo. Idan ƙwan ya haska sannan ya dushe, al'amura suna tafiya daidai. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta take haɗewa, kuma ƙwan ya tare ɓarnar. Sai bayan haka ne za a auna wuta a ƙafafun kowace kwalba a gane wadda ta gaji. Idan ɗaya ta mutu, har yanzu ana ƙera sabuwar EL84 a Sulobakiya da Rasha saboda masu amfilifayar jita, ita kuwa ECH81, wata kwalbar da ake yawan samu a irin waɗannan rediyoyi, sai dai tsohuwar ajiya ko takwararta ta Rasha mai lamba 6I1P. Ka kuma lura cewa a cikin akwatin akwai wutar da ta kai bolt 250 ko fiye, kuma manyan kwandansa suna riƙe ta bayan an cire filogi, saboda haka kada ka sa hannu da kanka, kada kuma a bar yara kusa da ita a buɗe.

Tambaya daga Maraɗi: Na ga rediyoyi biyu a wurin mai sayar da tsofaffin kaya, babbar Philips mai nauyi da wata ƙarama ta roba da aka kawo daga Amurka, wadda ta fi araha. Wacce zan ɗauka?

Hajiya, ki ɗauki mai nauyin, in dai gara ba ta ci katakonta ba, domin nauyin nan na taransfoma ne, kuma ita ce take raba ƙarfen cikin rediyo da wutar gida. Ƙananan na Amurka masu kwalba biyar, waɗanda za ki ga lambobi irin su 50C5 da 35W4 a jikinsu, an yi su ba taransfoma don a rage tsada, kuma na wutar bolt 110 zuwa 120 ne. Wutar Nijar bolt 220 ce, ta Najeriya 230, ke nan jona ta kai tsaye zai kashe ta nan take, kuma ko an sayo na'urar rage wuta, ƙarfen cikinta yana iya jan mutum. Turawa ma sun yi irin waɗannan, kuma lambar kwalba tana tona asirinsu: mai farawa da E, kamar EL84, galibi tana tare da taransfoma, mai farawa da U, kamar UL84 ko UY85, alama ce ta cewa babu.

Kafin ki biya, a buɗe miki bayanta ki shinshina, domin taransfomar da ta taɓa ƙonewa ba ta rabuwa da ƙauri. Ki duba gilashin da aka rubuta sunayen tashoshi, tunda idan ya fashe samun wani yana da wuya ƙwarai, ki duba takardar lasifika ko ɓeraye sun yage ta, ki kuma duba kwalaben: tabon azurfa a cikinsu lafiya ne, wadda tabonta ya koma fari kamar alli iska ta shige ta. Zaren da ke jan allurar nuna tasha idan ya tsinke ƙaramin aiki ne, sai dai ki nemi ragi a kansa. A baya akwai maɓallin zaɓen ƙarfin wuta, a sa shi a 240 idan yana da shi, a kuma haɗa ta da sitabilaiza, musamman a gidan da ake amfani da janareto.

Tambaya daga Kumasi: Idan na gyara tawa, za ta kama tashoshin yanzu?

Ɗan'uwa, za ta kama wasu. Rediyoyin Turai da dama na shekarun 1950 zangonsu na FM ya tsaya a megahaz 100, wasu na baya sun kai 104, alhali tashoshin yau suna kaiwa 108, ke nan duk tashar da ke sama da iyakar allurarka ba za ka ji ta ba. Gajeren zango, inda iyayenmu suka saurari Sashen Hausa na BBC tun 1957, yana nan a mita 16 zuwa 49, amma tashoshi da yawa sun rage watsa shirye-shirye a kansa, ga kuma ƙarar da cajar waya da inbata da fitilun zamani suke cusawa. Ka ɗaura doguwar waya a waje ta zama eriya, nesa da wayoyin lantarki, ka gwada da dare, ka kuma cire eriyar daga jikin rediyo duk lokacin da hadari ya taso.