Tambayi Ungozoma: Har yaushe shek sante yake kula da jinjiri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Goggo. Ni tela ne a Garwa, arewacin Kamaru. Yau kwana goma sha biyu da Allah ya sauki iyalina lafiya, an samu 'ya mace, ita ce ta fari. Tun cikin yana wata huɗu muka sayi shek sante, takardar nan da mai ciki ke saya don a kula da ita a asibiti, kuma har aka haihu ba a karɓi ko dala a hannuna ba. Yanzu maƙwabcina ya ce da an haihu shek ya gama aikinsa. Wani abokin ɗinkina kuma ya ce gwamnati ta mai da komai na yaro kyauta har shekara biyar. Wa ke da gaskiya? Yarinyar tana yawan kuka da dare, mahaifiyata kuma ta ce mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in.

Wani mai karatu, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam, angon ƙarni. Barka da arziki, Allah ya raya mana ita, ya ba mai jego lafiyar shayarwa. Na yaba maka da ka sayi shek ɗin da wuri. Na sha ganin mazan da ba su neme shi ba sai da naƙuda ta zo da gardama.

Su biyun duk ba su faɗa maka daidai ba. Bari in fara da maƙwabcinka, domin maganarsa ce ta fi cutarwa. Shek ɗin da ka biya sefa 6,000, jaka shida kenan, bai tsaya ga awo da hoton ciki da haihuwa da fiɗa ba. Yana ɗauke da uwa da abin da ta haifa har kwana 42 bayan haihuwa. Yau kuna kwana na 12, saura muku 30. Duk abin da ya taso wa jinjirar a cikin kwanakin nan, ku koma asibitin da aka karɓi haihuwar, ko wani da ke aiki da shek ɗin, ku tafi da takardar shek da karnen awo, wato littafin asibiti. Ba kowane asibiti ne yake cikin tsarin ba, saboda haka kada ku nufi na kuɗi ku ɗauka za a karɓa.

Mu a nan arewa mun riga sauran Kamaru sanin wannan shek. A jihohinmu uku aka fara shi, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da tallafin Faransa da Jamus, saboda a nan aka fi rasa mata da jarirai wajen haihuwa. Amma har yau abin da ke ci mini rai shi ne yadda kwana 42 ɗin nan suke faɗawa daidai kan arba'in ɗinmu. Mai jego tana ɗaki, wankan ganyen darbejiya safe da yamma, ga kunun kanwa, ga 'yan barka. Ranar da za ta sa ƙafa waje, kwana biyu ne kacal suka rage wa shek. An biya kuɗi, rabon jinjiri ya ƙare ba a taɓa shi ba, alhali a watan farko ne rayuwarsa ta fi zama cikin haɗari.

Ba na manta wata kaka da ta shigo mini ɗakin haihuwa da jikanta naɗe cikin zani biyu, washegarin suna, lallen bikin ma bai bushe a hannunta ba. Da na buɗe zanin, tafin ƙafarsa kamar an shafa kurkur. Ta ce tun kwana na huɗu suka ga idonsa ya sauya, suka ce shawara ce, a bari a yi suna tukuna, kuma ba su da kuɗin asibiti bayan sayen rago. Shek ɗin yana cikin jakarta a ninke, tare da goro. Ba ta san har lokacin yana aiki ba. Allah ya taimaka yaron ya tashi, amma ya sha wahalar da bai kamata ya sha ba.

Saboda haka ka samu Hajiya mahaifiyarka cikin ladabi. Ba raina al'ada ba ne, ni ma na yi wankan jego na kuma yi wa 'ya'yana. Ka ce mata ita ce za ta rungumi jikarta ta raka su, a je da sassafe kafin ranar Garwa ta buɗe, a dawo kafin wankan yamma. Ƙa'idar duba jariri ita ce ranar haihuwa, rana ta uku, sai tsakanin kwana 7 da 14, sannan sati shida. Kuna cikin na uku yanzu, ku je a satin nan. Kukan dare shi kaɗai ba ya tayar mini da hankali in tana kama nono sosai tana jiƙa tsumma. Abin da ba a kwana da shi a gida: ta ƙi nono, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi ya yi sauri ƙirji yana lotsawa, ta yi taune-taune ko ta sandare, cibiya ta yi ja ko tana wari, ko rawaya ta sauko tafin hannu da ƙafa. Ko ƙarfe biyun dare ne, a tafi. Kada a ba ta jiƙo, kada a sayo mata maganin tebur.

To, sai maganar abokin ɗinkinka. Abin da ya ji labarinsa shi ne shirin lafiya ga kowa, wanda ake kira CSU. Ministan lafiya, Dakta Manaouda Malachie, ya ƙaddamar da kashin farko ranar 12 ga Afrilu, 2023, a Mandjou kusa da Bertoua. A ƙarƙashinsa, yaron da bai wuce shekara biyar ba ganin likita kyauta ne a asibitin gwamnati, maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ne, mai sauƙi da mai tsanani, allurar rigakafi ma haka. Amma "komai" ɗin nan da ya ce, a'a. In ciwon wani ne daban, kamar ciwon haƙarƙari ko wanda ke bukatar gwaji da kwanciya, za ka iya sa hannu a aljihu. Wani lokacin ma maganin da yake kyauta ya yanke a asibiti, a rubuta maka ka sayo. Na tsaya gaban iyaye da wannan kunyar ba sau ɗaya ba. Shi ya sa nake ce wa kowane uba ya riƙa jefa wani abu a asusu saboda yaro, ko ɗari biyu ce daga kowane ɗinki.

Rajistar CSU ba a biyan kuɗi. Ranar da kuka je duba ta, ka tambayi teburin masu rajistar, a shigar da sunanta tun shek bai ƙare ba, don kada a samu giɓi tsakani. Ka kuma karɓi takardar shaidar haihuwa daga asibiti ka kai meri, wato ofishin magajin gari, a yi mata takardar haihuwa kafin kwana 90. In aka yi sakaci aka daɗe, sai an bi ta kotu, ga kuɗi ga zirga-zirga, kuma yara da yawa a Marwa da Garwa sun tsaya a ajin ƙarshe na firamare saboda rashin wannan takarda.

Kwana 42 shi ne sati shida cif, ranar da ake fara jerin allurai na sati 6 da 10 da 14. In mai jego ta fito yawon arba'in, gidan farko da za ta shiga ya zama asibiti. In yarinyar ta kai wata shida, ka tambaya ko gundumarku na yin allurar zazzaɓin cizon sauro. Kamaru ce ƙasar farko da ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum, a watan Janairun 2024, kuma sau huɗu ake yi. Da damina kuma masu bi gida-gida suna raba maganin kariya ga yara daga wata uku, ka buɗe musu ƙofa.

TAMBAYA: Hajiya, ƙanwata ta haihu a gida a wani ƙauye kusa da Gaundare, ba ta sayi shek ba. Shin jaririn ya rasa komai kenan?

Wata mai karatu, Gaundare

AMSA: Bai rasa ba, 'yata. Shek tun da ciki ake sayensa, wannan ya wuce ta. Amma ganin likita da rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro haƙƙinsa ne kamar kowane yaro, ko a ina aka yanke masa cibi. Ku kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a yi masa allurar tarin fuka da ɗigon shan-inna, a duba cibiyar, a buɗe masa karne, a yi masa rajista. Ita ma uwar a duba ta. In ta sake samun ciki, ki kama hannunta da kanki ki kai ta ta sayi shek tun awon farko.