Amsa ga 'yar uwarmu ta Marwa da aka yaɗa bidiyonta

Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yar uwata ta Marwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki na kasa wucewa. Kin ce kin saka ɗan bidiyonki a sitatus na WhatsApp, kaza ta haye miki gado kina korarta kina zazzaga mata masifa, don dai 'yan uwa su dara, sai ga shi yana yawo a TikTok an liƙa masa kiɗa. Maigida ya ɗauke miki wuta, ke kuma kina tambaya ko akwai yadda za a goge shi, ko ki rufe komai ki haƙura da waya. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ni rago ne ya ja mini.

Babbar Sallar 2023 ce, ƙarshen watan Yuni, kun dai san yadda tsakar gida take zama a Garwa, nan arewacin Kamaru, in ruwa ya sauka. Ranar jajiberi ragon layyarmu ya tsinke igiya, maza duk sun fita, ya nufi geron da na shanya. Na bi shi da muciya, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin taɓo, ɗankwali ya yi nasa waje, shi kuwa gogan ya tsaya yana kallona yana tauna. Ƙanwata tana riƙe da waya ta ɗauka. Mun yi dariya har da hawaye, Dada ma da aka nuna mata sai da ta riƙe ciki. Na saka a sitatus, kuma na zaɓi masu gani da hannuna, mata zalla, na jini da matan gidan su maigida. Har gobe ban ga laifina a nan ba.

To a cikinsu akwai facalata. Matar da na yi jinyarta a haihuwarta ta ƙarshe, ni ke dama mata kunun kanwa, ni ke wanke kayan jariri. Ita ta sauke bidiyon ta ba ɗanta, ɗan ya ɗora a shafinsa, ya maimaita wajen faɗuwar sau da yawa, ya sa kukan rago a kai, ya rubuta wata magana da Faransanci da ba zan maimaita ba. Ni ban ma sani ba. Wani abokin kasuwancin maigida ne daga Kusiri ya turo masa, wai Alhaji ba gidanka ba ne wannan? Ya gane ƙofar zaure. Ki duba fa, daga unguwar Yelwa a Garwa har bakin iyakar Cadi, matar aure kai ba ɗankwali.

Amma duk wannan bai kai ranar suna ba. Na shiga gidan da sallamata, mata cike da rumfa, sai na ji hira ta tsaya cak. Na zauna ina gaisawa, can daga baya wata yarinya ta danna waya, kukan ragon nan ya tashi. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka toshe baki da mayafi, kafaɗa na rawa. Facalar tawa tana gefe tana rabon goro, ko ɗago ido ba ta yi ba. Na ji ƙafata ta ƙi ɗaukata. Abincin da aka ajiye mini ban taɓa ba, na zauna har aka yi la'asar don kar a ce na gudu. Da na fito na tari kilando, wato ɗan acaɓa, yaron ya kalle ni ya yi murmushi, wataƙila murmushinsa ne kawai na neman fasinja, amma ni har na isa gida ina kuka a cikin hijabi. Da aka tara mu gaban uwar mijinmu kuwa, buɗar bakin facalar tawa sai ta ce ai wasa ne, ai ni na fara sakawa. Wasa! Ita da ko hotonta ba ta yarda a ɗauka sai ta gyara ɗauri. Ko "yi haƙuri" ba ta ce ba, har yau ɗin nan da nake rubutu.

Maganar gogewa, ba zan ruɗe ki ba, magana zarar bunu ce. Sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma wannan ba ya goge kwafin da wani ya adana. Wanda ya kalla yana iya naɗar fuskar wayarsa, akwai kuma masu WhatsApp ɗin nan na bayan fage, irin su GB, da ke sauke sitatus kai tsaye har su ga abin da kika goge. Abin da ya rage miki shi ne ki nemo wanda ya fara ɗorawa. Bidiyon da aka sauke daga TikTok yana zuwa da sunan shafin da ya fito a jikinsa, ta nan ƙanwata ta gano yaron. Kafin ki ce masa uffan ki ɗauki hoton shafin, da sunan, da ranar, ki adana. Sannan ki kai ƙararsa a cikin manhajar, a ce an saka ki ba da izininki ba, kuma kowane kwafi sai an kai nasa daban. Da gajiya, amma ana sauke wasu.

Kuma ki sani muna da doka. Dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 kan laifuffukan intanet, sashe na 74, ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga wanda ya naɗi ko ya yaɗa abin sirrin wani ba da yardarsa ba. Ni ban kai kowa gaban hukuma ba, ɗan wan miji ne, ina za ki kai shi ki dawo ki zauna a gidan? Amma da yayana ya karanta wa uban yaron wannan sashe, a daren aka sauke bidiyon. Miliyan ɗin nan ta fi wa'azi shiga kunne, duk da an karanta musu ayar Suratul Hujurati da ta hana mata yi wa mata izgili.

Shi kuwa maigida, kada ki bi shi da kuka da rantsuwa kullum. Kunya ce ke cinsa, abokai ke tsokanarsa a majalisa. Ki nuna masa jerin waɗanda kika zaɓa su gani da idonsa, in kin zaɓa ɗin. Ni wannan ne ya sauko da nawa. In bai sauko ba ki nemi babbar yayarsa ko gwaggonsa, ba ƙawayenki ba.

Batun barin waya kuma, a'a. Saboda wa? Mu da muka tashi cikin wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Fulani da Barebari, yanzu za a ce dariya ta zama abin tsoro? Ku tuna Janairun 2022 da Tunisiya ta fitar da Najeriya daga gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin Afirka da ci ɗaya a filin Rumde Ajiya na Garwa, yadda muka kwana muna tsokanar danginmu na Yola da Mubi a waya, su ma suna ramawa, ba wanda ya ji ciwo. Ni har yau ina sakawa. Tuwo ya yi gudaji, wuta ta ɗauke ana tsakar guga, mage ta sace kifin Binuwai da na sayo da tsada, duk ina sakawa, sai dai fuskata ba ta fitowa, ƙofar gidanmu ba ta fitowa, 'ya'yana ma ba na saka su, musamman suna kuka ko ba riga, don yaro zai girma ya tarar da abinsa. In kuma wani ne a ciki, ko Dada ce, sai na tambaye ta. Jerin masu ganina yanzu bai cika hannu biyu ba, kuma ba facala ko ɗaya a ciki, Allah ya ba su haƙuri waɗanda ba su yi mini komai ba.

Ki ci abinci don Allah, na san ba kya ci. Ki fita sabgoginki, ki je biki, in aka danna miki kukan kaza ki kalli mai wayar ido cikin ido ki gaishe ta da sunan uwarta. Mutane suna samun wani sabo su manta, nawa kafin kaka an koma kan wani.

Kada ki saka adireshin bidiyon a nan, masu kallo kawai za ki ƙara masa. Ki turo mini ta gefe, ni da ƙannena za mu kai ƙararsa yau da daddare in rezo, wato layin intanet, ya yarda.