Tambaya da Amsa: Hoton Garka, Fure da Darni

Wasiƙun wannan watan galibinsu daga Yamai suka zo, ɗaya daga Tawa. Mun taƙaita masu tsawo, mun haɗa masu kama da juna.

Tambaya: Ina da bugambil ja da ya lulluɓe katangar gidana a Yantala. Da ido gwanin sha'awa, amma in na ɗauka da salula sai jan ya cure wuri ɗaya, ba a bambance fure da fure. Wayar ce ba ta da kyau, in canza wata? (Wata uwargida, Yamai)

Amsa: Hajiya, ki adana kuɗinki. Ko wayar da ta ninka taki tsada haka za ta yi in aka ɗauka a irin lokacin da muke zaton kina ɗauka, wato tsakanin hantsi da la'asar. Kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne. In ganyen da ke kewaye yana da duhu sai ta ƙara haske don ya fito, shi kuwa jan dama ya cika, da an ƙara masa sai layukan da ke jikinsa su ɓace.

Magani na farko lokaci ne. A Yamai rana tana fitowa bayan ƙarfe 7 a watan Janairu, a Yuni kuma kafin 6 da rabi, kuma ba ta jira: cikin awa ɗaya ta hau wajen digiri 14. Haske mai laushi bai wuce minti 40 zuwa awa ɗaya bayan fitowarta ba, sai kuma kamar haka kafin magariba. In katangar gabas take kallo, safiya ce taki. In yamma take kallo, ki bari sai bayan la'asar sakaliya.

Ki goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi tukuna, don maiƙon yatsa da ƙura su ne rabin dishi-dishin da ake ɗora wa waya. Ki taɓa furen a fuskar wayar ki riƙe yatsa har ta kulle, sannan ki ja alamar rana da za ta fito a gefe ƙasa har ki fara ganin jijiyoyin da ke jikin jan. Hoton zai yi kamar ya ɗan yi duhu, ki bar shi haka. Duhu yana gyaruwa daga baya, abin da haske ya ƙone ba ya dawowa. Wannan jan da muke ce wa fure, ganye ne mai launi. Furen gaskiya shi ne ɗan farin nan da ke tsakiya, kuma a kansa ya kamata ido ya sauka. Kar ki matsa ƙasa da santimita 10, yawancin wayoyi ba sa iya kama abu kusa da haka. In dole sai da rana tsaka za ki ɗauka, yaro ya riƙe miki farin mayafi mara kauri tsakanin rana da reshen.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, nakan zagaya garake na bakin kogi wajen Gamkalle da Saga. Wasu an kewaye su da wayar shinge, sai wayar shingen ta ɓata mini hoton salati da kabeji. Waɗanda aka yi wa zana ko darni kuma, zanan yakan fito fayau ba armashi. (Wani ɗalibi, Yamai)

Amsa: Ƙanenmu, kafin dabara akwai sallama. Ka gai da mai garka ka faɗi abin da ya kawo ka. Sau da yawa shi da kansa zai buɗe maka ƙofa, zancen waya ya ƙare. Kuma tun da bakin kogi kake yawo, ka kau da kyamararka daga gadoji, barikoki da gine-ginen hukuma, kar hoton salati ya kai ka ga amsa tambayoyi.

In babu halin shiga, da salula abin mai sauƙi ne: idonta ƙarami ne, ka manna shi a cikin ramin wayar shingen. Da babbar kyamara kuwa, ka kai bakin gilashin har ya kusa taɓa wayar, ka zuƙo zuwa milimita 100 ko fiye, ka buɗe ido zuwa f/4 ko f/2.8 in yana kaiwa, ka daidaita da hannu don na'urar za ta yi ta kama wayar. Sharaɗi biyu ne: abin da kake ɗauka ya yi nisa da shingen, ko da mita 3 ne, kuma wurin da ka manna ya kasance a inuwa. Wayar da rana ke haskawa tana barin farin hazo a hoton ko da ba a ga zarenta ba.

Zana kuma shi ne abin da muke ganin masu hoto sun fi rainawa, alhali ya fi salatin ba da hoto. Kyansa a saƙarsa yake, yadda damin gamba ke hawa kan ɗan'uwansa a karkace, kuma saƙa ba ta fitowa sai da inuwa. In rana tana bayanka tana dukan zanan gaba da gaba, ta cike duk ƴan ramukan, shi ne fayau ɗin da kake gani. Ka nemi lokacin da haske ke shafar sa ta gefe. Zanan da ya miƙe daga gabas zuwa yamma, safiya da yamma ne nasa. Daga ƙarshen Satumba zuwa Maris fuskarsa ta kudu ce ke samun rana. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa rana tana bi ta arewa da Yamai ko da tsakarta, don haka fuskar arewa ce ke haske wuni guda. Wanda ya miƙe daga kudu zuwa arewa, ka zaga bayansa da sassafe ka fuskanci rana, ka rage haske, sai ka kama yadda take ɓullowa ta tsakanin kara. Darnin karan gero ya fi ba da wannan saboda ya fi zana ramuka. Kada ka tsaya masa a tsaye ƙiƙam: ka durƙusa har kyamara ta yi daidai da gwiwa, ka sa layinsa ya shigo daga kusurwar hoton ya ja ido zuwa ga mai ban-ruwa ko bakin rijiya.

Tambaya: A intanet ina ganin furannin Turai kala-kala. Mu nan me za mu ɗauka, ga hazo wata da watanni? (Wata matashiya, Harobanda)

Amsa: Ƴar'uwa, furanni muna da su, agogonsu ne ba a sani ba. Furen kuɓewa, ruwan ƙwai mai duhun tsakiya, da safe yake buɗewa kuma kwana ɗaya gare shi. Bado da dare yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Furen kuka da almuru yake buɗewa yana reto ƙasa, a farkon damina. Kariya da rani take fure, sau da yawa ba ganye ko ɗaya a jikinta. Ga bagaruwa, ga lalle, ga zogale, ga farin kan albasar da aka bari don iri a garaken Galmi. Tumfafiya ma da ake wucewa a juji, ki duba furenta da kyau. Sai dai ita da kariya ruwansu guba ne, ki wanke hannu kafin ki taɓa ido.

Hazo kuma ga mai hoton fure alheri ne, don yana tace rana ya kashe baƙar inuwa. Abin da yake ɓatawa shi ne nesa, saboda haka ki fitar da sama daga hoton ki matsa kusa. Iskar da ke tare da shi ce matsala. In wayarki tana da wurin saitawa da hannu, ki sa saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa, ko ki ɗauki da yawa a jere ki zaɓa. Wajen turawa ta WhatsApp ki tura a matsayin takarda, in ba haka ba za a matse hoton.

Tambaya: Ina koyar da yara zane. Fentin ruwa yana bushewa kafin mu gama shafa sama, ya bar layi-layi, kuma samunsa a nan ba sauƙi. An ce ana iya yi da ruwan bisab, wato zoɓo. Gaskiya ne? (Wani malamin makaranta, Tawa)

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Bisab yana ba da ja mai kyau a ranar farko, amma haske yana cin sa, kafin a jima ya koma ruwan toka-toka, kuma in ya haɗu da kanwa ko toka sai ya juye shuɗi-kore. Don gwaji a aji ya yi, don zanen da za a rataya bai yi ba.

Abin da zai daɗe yana ƙarƙashin ƙafarka. Fentin ruwa na kanti garin launi ne da ƙaro, kuma ƙaron da masana'antu suka fi so na ɗakwara ne, itacen ƙasar nan. Hanyar ita ce ta tawadar allo. Ka jiƙa awo 1 na ƙaro mai tsabta a awo 2 na ruwan ɗumi ya kwana, ka tace da ƙyalle. A kowane cokali 5 na ruwan ƙaron ka sa cokali 1 na zuma. Zumar ce ke jinkirta bushewa, kuma ita ke sa fentin ya narke in an sake jiƙa shi. Launi kuma: jar ƙasa, ƙasa mai rawaya, farar ƙasa, gawayi da aka niƙa lukwi, sai bula ta wanki don shuɗi. Ƙasar sai an wanke ta. Ka dama ta da ruwa mai yawa, ka jira kamar minti 1 yashi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan sama mai launi a wani kwano, ka bar shi ya kwana. Laɓon da ya kwanta a ƙasa shi ne launinka. Ka haɗa shi da ruwan ƙaro kusan daidai wa daida, ka murza a kan gilashi ko tayil har ka daina jin tsakuwa, ka zuba a marafan kwalba ya bushe. Gwajinsa: ka shafa a takarda, in ya bushe ka murza da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsagewa, ya yi yawa.

Layi-layin kuwa daga bushewar iskar ɗari ne. Ku yi aiki a inuwa inda iska ba ta bugawa, da safe. Takarda mai nauyin giram 300 a murabba'in mita ta fi riƙe ruwa. In babu, ku jiƙa bayan wadda kuke da ita ku manna a allo. A dama launin sama mai yawa tun kafin a fara, don tsayawa a sake damu shi ke jawo layi. A ɗan jingine allon, a ja buroshi mai faɗi daga sama zuwa ƙasa, kowane layi ya ɗauki ruwan da ya taru a gindin na samansa. Inda aka wuce ba a komawa sai ya bushe.

Tun da garka za su zana, ka hana su tsanwar kwalba tsurarta, babu ganyen da ke da wannan launin. Rawaya da ɗigon baƙi yana ba da koren ganyen da ƙura ta hau. Na mangwaro yana son shuɗi da yawa da ɗan ja, sabon tohonsa ma ja-ja ne. Shingen aguwa da rani kusan ruwan toka ne. Turakun darni kuma, yara sukan jera su da tsawo ɗaya har ƙarshen takarda. Ka sa su ja layi daidai tsayin idonsu, su ɗiga aya a kansa, su ja layi ɗaya daga kan turken farko, ɗaya daga gindinsa, duka zuwa ayar. Sauran turakun a tsakanin layukan nan biyu za su tsaya, tazararsu tana raguwa, launinsu yana dusashewa.

Tambaya: Na sa an zana mini furanni a katangar tsakar gida, damina ɗaya fentin ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa. Mai zanen ya ce fentin jabu ne. (Wani magidanci, Talladje)

Amsa: Alhaji, mai yiwuwa ne, amma tun da daga ƙasa ya fara, mun fi zargin danshi. In akwai shuka a gindin katangar ana ba ta ruwa kullum, bulo yana tsotsar ruwan ya hau da shi tare da gishirin ƙasa, ya tura fentin daga ciki. Farin garin da za ka gani a bayan ɓawon shi ne shaida. In kuma fentin mai aka shafa a sabon siminti, kaifin simintin yana narkar da man ya koma sabulu, sai ya yi danƙo ya saki.

A kankare duk wanda ya saki, a goge gishirin da busasshen buroshi, kar a wanke da ruwa. A janye shukar ko da santimita 50 daga katanga. Sabon yaɓe a ba shi kwana 28. Kafin a fara, a manna leda mai faɗin santimita 50 a jikin katangar, a like gefunanta, a bar ta kwana ɗaya; in ta yi gumi a ciki, katangar ba ta bushe ba. A yi amfani da fentin katanga na wajen ɗaki, irin wanda ake sirkawa da ruwa, shafin farko a sirka shi da ruwa kamar kashi 1 cikin 10 don ya shiga jiki. Lita 1 takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafi ɗaya in yaɓen sumul ne. Mai zanen ya raba hotonsa gida-gida na santimita 5 a takarda, ya mai da kowane gida santimita 50 a katanga da alli, ya bi inuwa yana aiki, don katangar da ta sha ranar Afrilu tana busar da fenti kafin ya kama. Santimita 40 na ƙasa kuma a bar shi ba zane, a shafe shi da launi ɗaya mai duhu, inda ruwan sama ke fantsama, yadda in ya lalace shi kaɗai za a sake.