Shirin Hawan Dutsen Chappal Waddi

Malam, ka tambayi lokacin da ya dace a hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mai mita 2,419, a gandun dajin Gashaka-Gumti. Shawarata ita ce ka tafi tsakanin Disamba da Maris, domin da damina koguna suna cika, hanyoyi kuma su zama caɓi. Ka fara zuwa ofishin gandun a Serti, jihar Taraba, ka nemi izini da ɗan jagora, ka kuma bincika halin tsaro. Tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, saboda haka kada ka sa sabon takalmi, don zai yi maka bororo a dunduniya. Ka riƙe bargo mai kauri, sanyin asuba a can sama har yatsu yake sandararwa.