Za mu kai yara hutu ƙasar dusar ƙanƙara, ina tsoron sanyi ya kama autana

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. A watan Disamba ni da maigidana da 'ya'yanmu uku za mu tafi hutun kwana 10 wata ƙasa mai tsananin sanyi. Mun tsara kwana 4 a birni na farko, kwana 3 a na biyu, sai mu ƙare da kwana 3 a wani gidan haya da ke karkara. Autanmu shekararsa biyu, kuma yana da asma. Tun da aka yanki tikiti barci ya ƙaurace mini, domin a hotunan gidan murhun itace kawai na gani a falo. Yayar maigidana ta ce kada in damu, mu sayi gawayi da ɗan kasko a can, mu hura a waje har hayaƙin ya ƙare, sannan mu shigar da garwashin ɗakin yara. Shawarar ta yi, ko in fasa zuwa karkarar gaba ɗaya? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, kada ki fasa. Yara sun fi tuna ranar da suka yi wasa a dusar ƙanƙara fiye da duk gine-ginen da za ki nuna musu a birni. Amma tsarin yana son gyara, shawarar kaskon kuwa ki ajiye ta tun yanzu.

Ki ɗauke karkarar daga ƙarshen tafiya ki sa ta a tsakiya: birni, karkara, birni. Hanyoyin ƙauye su ne na ƙarshe da ake sharewa idan dusar ƙanƙara ta zuba cikin dare, kuma ba na so ki wayi gari jirginku na tashi da yamma alhali mota ba ta iya fita daga ƙofar gida. Kwana biyun ƙarshe ku yi su a garin da filin jirgin yake. Ki kuma lissafa da gajartar yini. A birni kamar Landan, ranar 21 ga Disamba hasken rana ba ya cika awa 8, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Saboda haka abu ɗaya babba a kowace rana ya wadatar, ku fita da hantsi, duk wani tuƙi na karkara a gama shi da sauran haske. In za ku yi hayar mota, maigida ya tabbatar tayoyin hunturu ne a kanta, ya kuma rage gudu a kan gada, domin gada ta riga sauran titi daskarewa.

Batun sutura kin riga kin sani, sai dai in tuna miki cewa riguna uku marasa kauri sun fi jibgegiya guda ɗaya, kuma kada wadda ke jikin fata ta zama auduga, domin tana riƙe gumi ta sanyaya yaro. A mota ki cire wa auta rigar sanyi mai kumburi kafin ki ɗaure shi a kujerarsa, sannan ki lulluɓe shi da ita ta sama. Bel ɗin da aka ɗaura a kan riga mai kumburi ba ya riƙe yaro da kyau idan aka yi karo.

Yanzu kasko. Yayar maigidanki alheri take nufi, ban yi shakka ba, amma wannan magana ta "idan hayaƙi ya ƙare shi ke nan" ita ce na fi jin tsoro a duk lokacin sanyi, kuma na gaji da jin ta daga bakin mutanen da aka kawo mana a sume. Hayaƙin da ido ke gani yana sa tari da hawaye, ya kori mutum daga ɗaki da ƙafarsa. Abin da ke kisa ba a ganin sa. Iska ce da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma jan garwashin nan da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita har ya zama toka. Gidajen ƙasashen sanyi kuwa an gina su ne don kada iska ta shiga ko ta fita, tagogi masu gilashi biyu, ƙofofi masu roba a gefe. Abin da ya sa suke riƙe ɗumi shi ne zai sa su riƙe gubar.

Idan aka shaƙe ta, tana manne wa sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Huhu na aiki, jini na zagayawa, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun abin da suke bukata. Yara ƙanana sun fi saurin numfashi, don haka su take fara kamawa, haka ma ɗan tayi a ciki. Mai barci kuma ba ta tashe shi. Wanda yake a farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ya ce mura ce ko gajiyar tafiya, ya sha maganin ciwon kai ya koma ya kwanta a ɗakin da ke kashe shi. Alamar da za ki riƙe ita ce: mutum biyu ko uku a gida ɗaya sun kamu da ciwon kai lokaci guda, babu zazzaɓi, kuma da an fita waje sai a ji dama.

Ina jin dabaru iri-iri da ake yaɗawa a WhatsApp. Wai a ajiye kwanon ruwa kusa da wutar ya tsotse gubar, wai a yanka albasa, wai a ɗan sassauta taga. Ruwa da albasa ba sa tsotse komai, taga da aka ɗan buɗe kuma ba abin da za a jingina ran yaro a kai ba ce, musamman da yake wani zai tashi cikin dare ya rufe ta saboda sanyi. Mafi ciwo su ne masu cewa a ɗura wa wanda ya suma madara. Madara ba ta cire wannan guba daga jini, sai dai ta sarƙe shi ta shiga huhu, ga ɓata lokacin da ya kamata a ce yana asibiti. Maganin gubar oksijin ne. A iskar waje jiki na ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabinta, da oksijin zalla na asibiti kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Kuma tunda ɗanki na da asma, wataƙila kina da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin. A wannan matsalar kada ki yarda da ita. Ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da gubar, za ta nuna miki 98, wato kamar lafiya lau, alhali yaro yana cikin haɗari. Ko an farfaɗo a waje sai an je asibiti an gwada jini, domin akwai waɗanda matsalar mantuwa da rikicewar tunani ke bayyana musu bayan kwanaki ko makonni.

Ba gawayi kaɗai ba. Risho, murhun gas da aka kunna don ɗumama ɗaki, janareta a cikin gareji, duk hukuncinsu ɗaya. Haka mota: in kun maƙale a hanya kuka bar inji a kunne don hita, maigida ya fita ya duba dusar ƙanƙara ba ta toshe bakin salansa ba. Shi kansa murhun itacen gidan, lafiyarsa ta dogara ga bututun hayaƙinsa. Ki rubuta wa mai gidan tun yau ki tambaye shi abu uku: akwai hitar lantarki ko ta ruwan zafi a ɗakunan kwana? Yaushe aka share bututun? Akwai ƙararrawar kabon monoksaid, wato na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iskar? Ki lura, ƙararrawar hayaƙi daban take, ba ta jin wannan iskar. In ya yi ta kewaye-kewaye, ki nemi wani gidan. Ko me ya ce, ki sayi taki ƙarama mai batir, girmanta kamar tafin hannu ne, ki sa ta kusa da inda yara ke kwana a duk masaukin da kuka sauka, har da otal. In ta yi ƙara, kowa ya fita waje da kayan jikinsa, sannan a kira lambar gaggawa, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada.

Game da asmar, busasshiyar iska mai sanyi da hayaƙin itace duk suna tayar da ita. Ki rufe masa hanci da baki da mayafi mara matsi idan za ku fita, kada ya kwana a falon da murhu yake. Ki kai shi wurin likitansa kafin tafiya a rubuta miki abin da za ki yi mataki-mataki idan numfashi ya sarƙe. Maganin shaƙarsa guda biyu za ki riƙe, duka a jakar hannu, domin akwati na iya ɓata a hanya. Wajen cike takardar inshorar tafiya ki rubuta asmar ƙarara. Kamfanonin nan ba sa jin kunyar ƙin biya saboda layi ɗaya da aka bari a fom, kuma lokacin da yaro ke kan gadon asibiti za su zaƙulo layin. Ki nemo asibitin da ya fi kusa da gidan karkarar, ki rubuta sunansa da nisansa a takarda, saboda sanyi na saurin cinye cajin waya.

Hajiya, ina roƙon ki da girman Allah ki kira yayar maigidan nan ki karanta mata wannan amsar cikin girmamawa. Wadda ta ba ki wannan shawara tana aiki da ita a ɗakinta, wataƙila da jikokinta kwance a gefe, kuma kasancewar ta sha yi ba abin da ya faru ba hujja ba ce, taga ce ko ƙofa ta cece ta ba ta sani ba. Ki saya mata ƙararrawar nan ita ma, ki nuna mata maɓallin da ake dannawa a gwada ta.