Kafin ki fasa simintin tsakar gida

Malama na ga saƙonki, kuma gaskiya shirin ya burge ni, a fasa simintin nan da ke ƙona ƙafar yara da rana a dasa bishiyoyi a sa tankin tara ruwan sama da benci. Amma don Allah kar ki kira mai diga tukuna.

Ke 'yar haya ce. Ɗakunan da kike biya su ne a hannunki, tsakar gida kuwa amfani kawai kike da ita kamar sauran gidaje biyar ɗin. Fasa siminti canja wa mutum gininsa ne, kuma wannan "ba komai ku yi" da mai gida ya faɗa miki a waya ba za ta tsaya miki ba ranar da ya ce a mayar masa da simintinsa da kuɗinki, don babu abin da za ki nuna wa alƙali. Ga kuma tsohuwar ƙa'ida a dokar fili, duk abin da aka dasa ko aka kafa a ƙasa ya zama na mai ƙasar, wato bishiyar da kika yi shekara 5 kina bayi ranar tashi nan za ki bar ta.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa da saiwa. A 1868 kotun ƙoli a Ingila ta yanke shari'ar Rylands da Fletcher, mutum ya tara ruwa a filinsa ya ɓalle ya cika ramin haƙar gawayin maƙwabci, aka ce sai ya biya ko da ba shi ne ya yi sakaci ba. Har yau kotuna a ƙasashe da dama suna waiwayar hukuncin. Toh kinga idan tankinki ya fashe ya jiƙa katangar maƙwabci ko saiwa ta shiga bututu ko harsashin gini, wanda ya kafa abin za a fara nema.

Maƙwabcin da kika ce ya ƙi yarda da shirin kuwa, rinjayenku ba zai ƙwace masa hanyarsa ko wurin ajiye mota ba in yana cikin yarjejeniyarsa. Ku zauna da shi, wataƙila wurin shanya kawai yake tsoron rasawa.

Ni da za ki ji tawa, ki fara da manyan tukwanen shuka da tankin da ake ɗorawa kan dakali, waɗannan naki ne kina iya ɗauka. In kuma sai an fasa, a rubuta takarda mai gida da kowa ya sa hannu, a zana inda za a haƙa bayan an gano inda bututu da waya suka bi, a faɗi wa zai yi bayi da sassabe, wa zai biya in an yi ɓarna, da ko za a rage miki kuɗin da kika kashe daga haya. In akwai rumfa ko wani gini a shirin, a tambayi hukumar tsara birane ko ana buƙatar izini.

Ki turo min takardar hayarki, ina so in ga abin da aka rubuta kan gyara da canje-canje.